Yinin Da Muka Kai Yara Dalar Giza

Ganin likita ne ya kai ni Alƙahira a watan Afrilu, kuma da yake babu wanda za mu bar wa yara har tsawon mako biyu, sai muka ɗunguma gaba ɗaya, ni da uwargida da yaranmu uku: babbar mai shekara 9, mai bi mata ɗan shekara 5, da auta wadda ba ta cika shekara 2 ba. Mun sauka a unguwar Madinatu Nasr, kusa da inda ƙanin uwargida yake zaune, wanda yake karatu a Jami'ar Azhar. Da aka ce mini in dawo bayan kwana huɗu domin karɓar sakamakon gwaji, sai na ɗauki biro da takarda na jera wurare biyar da nake so mu gani a yini ɗaya: dalar Giza, da Abul Haul, wato ƙaton gunkin dutsen da ke kusa da ita, da gidan tarihin Fusɗaɗ inda aka mayar da busassun gawarwakin sarakuna da sarauniyoyin Masar guda 22 a shekarar 2021, da masallacin Azhar haɗe da kasuwar Khan Khalili, sannan mu shiga kwalekwale a kogin Nilu kafin faɗuwar rana. Da surukin nawa ya karanta takardar sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, wannan ai tsarin gwauro ne." Ban saurare shi ba.

Na yanke cewa ƙarfe 7 na safe za mu fita, amma tsakanin neman takalmin yaro ƙafa ɗaya, da sauya wa auta kunzugu bayan an gama shirya ta, da komawa ɗauko gorar ruwan da aka manta, sai ƙarfe 9 muka shiga mota, daidai lokacin da titunan birnin suka cushe. Mun isa Giza rana ta riga ta ɗaga. Mutumin Kano yakan ɗauka cewa babu ranar da za ta ba shi tsoro, sai dai a Kano ko ina ka juya za ka sami darbejiya ko rumfar mai shayi ka laɓe, a can kuwa tudu ne na yashi da duwatsu, inuwar kirki sai wadda dalar kanta ta bayar. Awa biyun nan da muka ɓata da safe, su muka yi ta biya har dare.

Na tashi ina jin labarin dalar gyaɗa a bakin mahaifina, saboda haka da wannan ma'auni na zo, kuma ma'aunin ya kasa. Babbar dalar, wadda aka gina wa Fir'auna Khufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali ya kai kusan mita 146, ko da yake yanzu ta ragu zuwa wajen mita 138 saboda ƙoƙuwarta da lulluɓin farin dutsen da ke jikinta sun tafi, kuma an ƙiyasta duwatsun da ke cikinta sun haura miliyan 2. Na tanadi duk wannan bayani domin yara, amma ɗana da ya tsaya a gindin dutse ɗaya na layin ƙasa, ya ga ya fi shi tsayi, tambaya ɗaya kawai ya yi: "Abba, to wa ya ɗora na can sama?" Na soma yi masa bayanin yadda ake jan dutse a kan gangaren da aka tara, kafin in kai rabi hankalinsa ya koma kan wani doki. A nan ne kuma keken tura jariri da muka jajibo tun daga gida ya nuna mana iyakarsa, domin ƙafafunsa sun riƙa nutsewa a yashi suna maƙalewa a tsakanin duwatsu, har ya zama ni nake ɗauke da shi maimakon ya ɗauki yarinya. Uwargida ba ta ce komai ba, ta ciro zani da majanyi daga jakarta ta goya auta, muka mayar da keken mota, bai sake fitowa ba.

Shiga cikin dalar tikitinsa daban, kuma ni da babbar 'yata kaɗai muka shiga. Ana bi ne ta wani rami da ake danganta haƙa shi ga Halifa Ma'amun ɗan Haruna Rashid, daga nan a kama wata siririyar hanya mai hawa wadda rufinta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, dole babba ya tafi a duƙe, ga masu saukowa ana gogar kafaɗa da su, ga iska mai nauyi da warin gumi. Ita da na ji wa tsoro ɗan sunkuyawa kawai ta yi ta wuce, ni ne gwiwoyina suka riƙa rawa. Bayan wani dogon zaure mai tsayin rufi sai muka faɗa ɗakin sarki, inda babu zane ko rubutun ado, sai akwatin dutse guda ɗaya ba murfi, ba kowa a ciki. Ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "Shi ke nan?" Da muka fito bayan fiye da rabin awa, na tarar da uwarta a tsugune a ɗan gefen inuwa, yaro yana kuka, ruwan gora ɗaya ya ƙare. A lissafina ban taɓa sa waɗanda za su jira a waje ba.

Batun raƙumi kuwa laifina ne. Surukina ya gargaɗe ni cewa kada in bari a ɗora yaro sai an gama ciniki, an faɗi kuɗin a fam ɗin Masar, an faɗi inda za a je a dawo, amma yana juya baya wani mai raƙumi ya ɗaga ɗana ya aza a kan sirdi yana cewa hoto ne kawai. Raƙumi yana miƙewa farashi ya miƙe tare da shi, kuma uban da ɗansa yake can sama yana ƙanƙame da ƙahon sirdi ba shi da bakin tayi. Sai da surukin ya dawo ya yi masa magana da Larabcin Misirawa muka rabu a kan abin da bai kai rabin wanda ya nema ba. Daga nan na koyi furta "la, shukran", wato "a'a, na gode", ba tare da rage tafiya ba.

Abul Haul, mai gangar jikin zaki da kan mutum da karyayyen hanci, tsayuwar minti goma muka yi masa, domin yunwa ta riga ta ci ƙarfin kowa. Muka nemi kushari, wato shinkafa da makaroni da wani ƙaramin wake da suke kira adas, an zuba miyar tumatir da soyayyar albasa, abincin da yara suka karɓa ba gardama saboda ya yi kama da dafa-duka. A wurin cin abincin ne uwargida ta ce, "Abbansu, a bar gawarwakin nan su huta, mu ma mu huta." Na soke gidan tarihi. Lokacin da motar ta hau gadar Nilu duk ukun suna barci.

Wurin da ya fi yi mana daɗi shi ne wanda ban ware wa lokaci ba. Masallacin Azhar, wanda sarakunan daular Faɗimawa suka kammala a shekarar 972, yana da fili a tsakiya shimfiɗe da farin dutse mai santsi, kewaye da rumfuna masu sanyi. Muka yi salla, auta ta sauka daga baya tana tatata tana faɗuwa, surukina yana ba mu labarin cewa tun zamanin dā akwai sashen da aka ware wa ɗaliban da suka zo daga Borno. Mun fi awa ɗaya a zaune, ba wanda ya nemi a tashi.

Da a nan na tsaya da na huta, amma takardata ta ce kasuwa, muka tsallaka zuwa Khan Khalili bayan la'asar. Lungunanta matsattsu ne, cike da jama'a da masu kiran ciniki. Ina tayin wata fitilar tagulla, na ɗauka yaron yana hannun uwarsa, ita kuma ta ɗauka yana hannun kawunsa. Da muka farga babu shi, na ji ƙafafuna sun yi sanyi, na riƙa kwala kiran sunansa a cikin hayaniyar da ko ni ba na jin muryata. Bai fi minti biyar ba, amma ban taɓa ganin minti biyar masu tsawon waɗannan ba. A lungu na biyu muka same shi zaune a kan kujerar wani dattijo mai sayar da turare, da kofin ruwan rake a hannu. Wai kyanwa ya bi. Dattijon ya yi ta tambayarsa da Larabci, shi kuma yana amsawa da Hausa, kuma babu ko lambar waya a jikinsa. A daren nan na rubuta sunan masaukinmu da lambar kawunsu a ƙananan takardu, uwargida ta maƙala wa kowanne a cikin aljihu da fil, kuma muka yi doka cewa duk wanda zai saki hannun yaro sai ya faɗa da baki wa ya miƙa wa.

Kwalekwalen Nilu sai bayan kwana biyu muka shiga, irin mai tafiya da iska da suke kira faluka. Ran nan shi kaɗai muka sa a gaba: yara suka yi barcin rana suka ƙoshi, muka fita da yamma da ruwa da dabino da zanen goyo, muka yi awa ɗaya a kan ruwa, mai jirgin ya bar ɗana ya riƙe igiya, muka dawo masauki kafin isha'i.