Kawu ya ɓallo mini ruwa ranar Sallah a Kigali

Duk wanda ke zaune ƙasar waje kuma yana da kawu mai son kiran bidiyo, ya ja mishi kunne tun kahin ya miƙa ma baƙo talho. Ni dai nawa ya ɓallo mini ruwa, kuma har yau bai ga abin da ya yi ba, in munka yi waya dariya ma yake, wai mutanen nan ba su san wasa ba.

Ƙaramar Sallah ce ta 2024. A Ruwanda duk shekara daga 7 ga Afrilu ana shiga makon makokin kisan ƙare dangin da anka yi ma 'yan Tutsi a 1994, waccan shekarar kuwa cikon 30 ce, sai ga Sallah ta faɗo tsakiyar makon. Ba kiɗa ba biki, tuta an sassauto ta, rediyo da tele ba abin da kake ji sai waƙoƙin juyayi da mutane suna ba da labarin yadda sunka tsira. Munka yi idi a Nyamirambo, unguwar da musulmi sunka fi yawa, anka shafa kowa ya kama gabanshi. Ni da na saba in ji algaita da kakaki daga ƙofar Sarkin Katsina a garinmu Maraɗi, dawaki na tada ƙura, yara na bin gida gida barka da Sallah, wallahi ranar ji na yi kamar in yi kuka cikin sabuwar shaddata. Na koma ɗaki na dafa shinkafa da miyar kaza, na kira abokin aikina ya zo mu ci, don kar in ci tuwon Sallah ni kaɗai. Kirista ne, ya girme ni nesa, tare muke hawa rufin mutane muna ɗaura pano na sola, kuma shi ne mutum guda da nike sakewa da shi don yana jin Faransanci sosai, samarin yanzu tun da anka maida lakwal Ingilishi a 2008 sai ka yi ta fama da su.

Muna cikin ci Kawu ya kira daga gidanmu na Mokoyo. Kawuna Bagobirin Tibiri ne, tsohon mushen lakwal, ga tsage sun cika kumatu. Anka gaisa, ya Sallah ya baƙunta, Inna ta leƙo, yara sunka leƙo, sai ya hango mutum bayana ya ce ba ni baƙon naka mu gaisa. Ya juya harshe zuwa Faransanci, gaisuwa mai kyau ta dattako, sai kawai na ji ya ce, to ɗana, kai Bahutu ne ko Batutsi?

Mutumin ya aje cokali. Ya dubi talhon ya ce, Baba, ni ɗan Ruwanda ne. Kawu ya kwashe da dariya ya ce haba, ai ba sai ka faɗa ba, ga hancin nan na gani. Na fizge talho na kashe, na ce rizo ne. Ya ida cin abincinshi tsaf, ya wanke hannu, ya yi godiya, ya ce Allah ya maimaita mana, ya tahi. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Washegari a wurin aiki bai ɗaga maganar ba, jibi bai ɗaga ba, har yau.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne Kawu ba mugunta ya nufa ba, ƙofar wasa yake nema. Ku kun sani, ka haɗu da mutum a tasha, abin farko ka gano ko ɗan wane gari ne don ka san ko taubashinka ne, in Bazabarme ne Kawu ya ce ga bawana, shi kuma ya rama, a yi ta sharar juna har a sai ma juna goro. Bafillace da Babarbare haka, Buzu da Bazabarme haka. Ni ina alfahari da wannan abin ƙwarai, UNESCO ma ta sa shi cikin gadon duniya tun 2014, kuma na sha gaya ma mutane nan cewa mu can gida ƙabila abin dariya ce. Amma nan ƙabila a kan kart dantite take tun zamanin Turawan Beljiyam, shekarun 1930, kuma a 1994 da wannan kart ɗin ake tsaida mutum a shingen hanya a karanta a ce koma gehe. Jirgin shugaba Habyarimana anka harbo 6 ga Afrilu, kahin gari ya waye an fara, rediyon RTLM na kiran mutane kyankyasai tana faɗin sunaye da inda sunka ɓuya. Kwana 100. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce wajen mutum 800,000, gwamnatin nan ta ce sun haura miliyan ɗaya, kuma yawanci ba da bam ba, da adda da kulki, maƙwabci da maƙwabci. Yau ba ƙabila a kart ɗin kowa. Tambayar da Kawu ya yi yana dariya, ita ce tambayar kan shinge.

Sau ɗaya na ga kamar abokin aikin nawa ya rama. Muna shan shayi ya ce ai ya san Nijar, ba can ne anka kai mutum 8 ɗin nan daga kotun Arusha, kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta yi shari'ar kisan, a Disamban 2021 ba, waɗanda wasu anka sallame su wasu sunka ida zaman kaso, sunka zauna Yamai? Na ce e. Ya ce to. Shi ke nan. Amma ranar dai kuma shi ya ba ni labarin Kaftin Mbaye Diagne, sojan Sanagal musulmi da ke cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya yi ta ɗibar mutane a motarshi yana wuce shingaye da zance da barkwanci, har 'ya'yan firaminista Agathe Uwilingiyimana shi ya hid da su, kahin ɓaraguzan harsashin igwa su kashe shi 31 ga Mayun 1994. Ya ce ku mutanen yamma bakinku na da amfani wani lokaci. Kaina ya ɗan kumbura, kamar ɗan unguwarmu ne.

Bayan nan wata Lahadi ya ce in zo mu je Gisozi. Wurin tunawa ne da anka buɗe a 2004, mutum sama da 250,000 ke kwance ƙarƙashin manyan daɓen siminti a gangaren tudun, ga bango da sunaye. Ya ce shiga ciki ka gani, ni ina nan. Ya tsaya wajen daɓen da furanni a hannu, ban tambaye shi na wane ne ba. Ciki akwai hotuna na aure da na suna da na kart rataye a waya, akwai tufafi, akwai ɓangaren da ke nuna irin wannan a wasu ƙasashe, Yahudawa a Jamus, Kambodiya, Bosniya. Duk na daure sai da na hau ɗakin yara. Hoton yaro babba, ƙasa an rubuta sunanshi, shekarunshi, abincin da ya fi so, wasan da ya fi so, sannan layin ƙarshe yadda anka kashe shi. Na karanta uku ko huɗu ƙafata ta ƙi ɗaukata. Autarmu nike gani, ita da ba ta cin komi sai awara da yaji.

Kar ku ce na zama ɗan farfagandar Ruwanda. Akwai abin da ba ya mini. Mutane ba su sakin baki kan siyasa ko kaɗan, in ka fara sai a dubi ƙofa, kuma akwai masu raɗa cewa ba duk matattun wancan lokaci ake ambata ba. Shirun nan na da nauyi ga wanda ya tashi a fada inda ake zagin minista ana zuba shayi. Ga sanyi, ga wake kullum, ga ba hura, sai dai in je shagon madara a Nyamirambo in sha kindirmonsu ina tunanin dawo.

Amma Asabar ɗin ƙarshen wata ta kan sa in yi shiru. Umuganda suke ce mishi, gayya ce ta dole, daga ƙarhe 8 zuwa 11 ba mota ba shago, kowa ya hito, wanda ya ƙi ana iya cin shi tara. Ranar farko da na ga maza sun jero kan hanya kowa da adda a hannu gabana ya faɗi, alhali ciyawa za a sare. Wani wata munka je gyaran gidan wata tsohuwa wadda ba ta da kowa, ana miƙa bulo hannu da hannu, wanda ke miƙo mini wani dattijo ne mai faci a gwiwar wando, ba ya magana, aiki kawai. Da anka tashi maigidan da nike haya ya ce mini a hankali, wancan ya yi kaso, ya amsa laihinshi gaban gacaca, sauran hukuncin ya biya da aikin jama'a. Gacaca kotun unguwa ce a hili kan ciyawa, ta yi shari'a kusan miliyan 2 kahin a ruhe ta a 2012. Tsohuwar ta kawo ruwa a jarka ta ba kowa, har shi. Ko ta yahe ko ba ta yahe ba Allah ya san zuciya, amma ta san shi, ya san ta, unguwa duk ta san abin da ya faru, kuma rufin ya hau. Bayan aikin kuma a zauna a yi taron unguwa. Haka cikin Yuli ana bikin wasanni na Ubumuntu nan cikin harabar Gisozi, rawa da wasan kwaikwayo a gehen kaburbura, da farko abin ya ba ni haushi na ce wannan wane irin rashin ta ido ne, sai na ga 'yan kallon na share hawaye. A rediyo ma akwai wasan Musekeweya tun 2004, ƙauyuka biyu masu gaba da juna, 'yan kabu-kabu na bin shi ba fashi. Rediyo ce ta hura wutar, rediyo kuma anka sa aikin kashe ta.

To mu fa? Kowane yaro a Maraɗi ya san Kantu ya ɗau takobin kokawa a Tawa a 1975, har hilin kokawa sunanshi gare shi, kuma ya cancanta. Amma bi hanyar Tasawa ka tsaya Maijirgi, kabarin Voulet da Chanoine na nan, Turawan Faransa da sunka ƙone garuruwa tun daga bakin kogi, sunka yi ɓarna a Ƙonni a 1899, sunka yaƙi Sarauniya a Lugu. Masu kisan an san makwancinsu. Waɗanda sunka kashe, a lakwal ba a taɓa karanta muna sunan ko mutum ɗaya ba.

Wannan ma ya yi nisa. Janairun 2015 an ƙone coci gommai a Damagaram da Yamai, mutum 10 sunka mutu. Yunin 2019 a garinmu, bayan an kama wani liman, anka cinna ma cocin unguwar Zariya wuta da dare. Ina gida lokacin. Ƙanena mai bi mini ya shigo wajen ƙarhe ɗaya rigarshi na warin hayaƙin taya, Inna ta karɓe rigar ta jiƙa a bokiti, Baba ya yi kamar barci yake, da sahe anka sha koko. Ba wanda ya ce uffan, har ni.

Akwai wata maƙwabciyarmu kirista, ungozoma ce a likita, ita ta karɓi haihuwar rabin yaran layinmu, shi kanshi ƙanen nawa a hannunta ya faɗo duniya. Kirsimeti ta aiko muna da shinkafa da cincin, layya mu kai mata cinya. Ba wanda ya taɓa gidanta, amma daga ƙofarta ta ga su wa ke gudu da taya a daren. Ba a yi wata nawa ba ta kwashe ta koma wurin ɗanta a Yamai, Inna ta ce wai ciwon ƙafa ne ya matsa mata. Gidan yanzu wani mai saida kayan babur ke ciki.

Kwanan baya na tada ma Inna maganar, na ce Inna ko gaisuwa ba mu taɓa aika ma matar nan ba. Ta ce kai dai tun da ka je ƙasar nan ka koyo tone-tone, kaza garin tone-tone ta kan tono wuƙar yanka ta, yaro ne lokacin, yanzu ga shi da mata da ɗiya, so kake a ce mishi me? Na ce ba kotu zan kai shi ba, so nike ya kira ta ya ce Mama ina wuni. Ta ce ka ci abinci? Ta miƙa ma autarmu talho.

Sai na tura mishi murya a WhatsApp, doguwa, na ce ƙane don Allah ka nemo mini lambar Mama ungozoma, ɗanta ai abokin wasanka ne a da. Ya saurara, na ga alamar ta yi shuɗi. Sai bayan kwana biyu ya amsa, Yaya barka da aiki, gado da katifa na auren ƙanwarmu an ce jika 350 yanzu a babbar kasuwa, kuma talhona gilashin ya fashe in da hali. Na ce kuɗin gado za su zo ƙarshen wata in sha Allah, wannan haƙƙin yarinya ne ba ruwanta. Talho kuwa sai ranar da lambar matar nan ta shigo mini. Ya kai ƙarata wurin Inna, ita kuma ta kira Yaya babba a Agadas, yanzu gidan duk an haɗe mini kai wai na samu kuɗin Ruwanda ina wulaƙanta ɗan'uwana kan gilashin talho.