Sana'ar tankin murjani a Katsina: wuta, zafi da ruwan gishiri

Mai son a kafa masa tankin kifin teku a falo ko a ofis yakan fara da zancen launin kifi. Mu kuwa da zancen wuta muke farawa: awa nawa ake samu a unguwarsu, akwai inbata ko babu, wa ke zama a gidan idan maigida ya yi tafiya. Amsar da ya bayar ce ke sa mu karɓi aikin ko mu ba shi haƙuri, domin a garin nan abin da ke kashe tanki bai wuce biyu ba, ɗaukewar wuta da zafin bazara, kuma sun fi son zuwa tare.

Murjani dabba ce, ko da yake ido na ganinsa kamar dutse ko tsiro. A cikin namansa akwai wata ƙanƙanuwar gansakuka da ke sarrafa haske ta ba shi yawancin abincinsa. Yana son ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 26, yana jure 27. Idan ruwan ya kwana biyu a 30, sai ya fitar da gansakukar, ya yi fari fat, in zafin ya ci gaba sai mutuwa. A Afrilu da Mayu kuwa zafin Katsina na haura 40 da rana.

Haɗin da muka fi yi shi ne tanki mai lita 300 da gilashi mai kaurin milimita 10 zuwa 12. Da ruwa da dutse da yashi nauyinsa ya kai kilo 400, saboda haka teburin ƙarfe muke sa mai walda ya haɗa, a shafe shi da fenti sosai don gishiri na cin ƙarfe. A ƙarƙashi akwai ƙaramin tanki, tankin ƙasa, inda ruwa ke gangarowa ya bi ta matata da injin kumfa mai tsamo datti, sannan famfo ya mayar da shi sama. Cikin babban tankin akwai famfon igiyar ruwa guda biyu, sai fitilar LED da ke aiki awa 8 zuwa 10. Kan famfo ko mahaɗin bututu na tagulla ba ya shiga aikinmu ko kusa, roba zalla, don ɗan abin da tagulla ke saki a ruwa ya isa ya kashe murjani da jatan lande.

Ruwa kuma sai an tace. Na famfo yana da kulorin, na burtsatse yana ɗauke da sinadaran ƙasa da ke haifar da gansakuka mai rufe gilashi. Muna bi da shi ta matatar RO da DI, masu cire sinadaran da suka narke a ruwa, har ma'aunin TDS mai auna yawan sinadaran ya nuna 0. Matatar na zubar da lita 3 zuwa 4 kafin ta ba da lita 1 mai kyau, sai a tara na zubarwar don wanki da ban ruwan shuka. Gishirin miya ba ya yi, babu kalsiyam da magnesiyam da sauran abin da ruwan teku ke da shi. Gishirin tanki na musamman ake saye, a zuba kilo 3.5 zuwa 3.8 a lita 100, famfo ya juya shi ya kwana, a auna kaurin gishirin ya zauna a 1.025 ko 1.026. Sabon tanki yakan yi mako 4 zuwa 6 babu kifi, har ƙwayoyin bakteriya su kafu a dutse, amoniya da naitirait, gubar da ke fitowa daga dattin kifi, su koma sifili. Masu gaggawa a nan suke asarar kuɗinsu.

Idan aka ɗauke wuta, mutane kan ruga su kunna fitila, alhali ita ce ta ƙarshe a layi. Murjani na iya kwana 2 ko 3 cikin duhu lafiya lau. Abin da ke ƙarewa da wuri iskar oksijin ce. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, ruwa mai ɗumi kuma ya fi sakinta, ga kifi da murjani da bakteriyar dutse duk suna shaƙa. Da saman ruwa ya tsaya cak, cikin 'yan awoyi za ka ga kifi ya taso sama yana haki, manyan su ne ke fara faɗuwa. Don haka abin da ba a yarda ya tsaya ba shi ne motsin ruwa. Famfon igiya guda ɗaya, a karkata shi sama yana fasa fuskar ruwan, ya wadatar, kuma wanda ke aiki da DC bai cin fiye da wat 10 zuwa 20.

Lissafin batir ba shi da wuya. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 200 na ɗauke da wat-awa 2,400. Idan na ruwa ne, rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe, saura 1,200. Famfon mayarwa da famfon igiya da fanka idan sun haɗu a wat 60, za su yi awa 16 zuwa 17 bayan an cire abin da inbata ke ci. Shi ya sa muke raba layi biyu tun ranar kafawa: waɗannan ukun a kan inbata, fitila da injin sanyaya ruwa da hita a kan wutar layi ko janareta. Injin sanyayawa kaɗai na jan ɗaruruwan wat, yana fizgar ninkin haka lokacin tashi, zai shanye batir kafin asuba. Inbatar ma a nemi mai tsaftatacciyar wuta, domin mai arhar nan tana sa famfo gurnani da zafi har ya ƙone. Wanda ke da sola ya fi kowa hutawa, tunda lokacin da rana ta fi zafi shi ne lokacin da ake buƙatar sanyaya ruwa. Duk da haka muna ajiye wa kowane gida ƙaramin famfon iska mai batirin tocila a aljihun tebur, mu koya wa mai gadi ko yaran gida kunna shi. In komai ya ƙi, a riƙa ɗibar ruwan tankin da jug ana kwararo shi daga sama kowane minti 10 zuwa 15. Kada a ba kifi abinci sai wuta ta dawo.

Akwai tarko biyu a tankin ƙasa. Da famfo ya tsaya, bututun mayarwa kan zuƙo ruwa ya koma ƙasa har ya malale kan kafet. Maganinsa ƙaramin rami a jikin bututun, dab da ƙasan fuskar ruwa, da barin fili a tankin ƙasa. Muna gwadawa da cire soket kafin mu miƙa aiki, kuma ramin na toshewa da gishiri, sai ana sokace shi. Na biyu, idan wuta ta dawo ruwan ƙasa na sama da ƙa'ida, injin kumfa sai ya yi ambaliya ya mayar da dattin da ya tara. A jinkirta shi minti 5. Wutar da ta dawo da ƙarfi kuma sitabilaiza ce ke tare ta. Matatar da ke rufe, idan ta yi awoyi ba ruwa na wucewa, a buɗe a sansana: warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin a wanke ta kafin a mayar.

Bushewar iskar Katsina na yi mana rana guda. Fankar da ke hura fuskar ruwa na sauke zafi da digiri 2 zuwa 3 a bazara, ko da yake ƙarfinta na raguwa da damina. Kuɗinta shi ne ruwan da ke tashi. Tanki mai lita 300 na iya rasa lita 6 a yini, gishirin kuma yana nan bai tashi ba, cikin kwana 5 ruwan ya yi kauri fiye da kima. Da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa, kullum. A ranar da zafi ya ƙi sauka, a jefa gorar tataccen ruwa mai ƙanƙara a tankin ƙasa, a rufe, a sauke zafin sannu a hankali. Da hunturu kuma hita ake nema da daddare, ga ƙura da ke kwantawa a kan ruwa tana toshe matata.

Injin kumfa iskar ɗaki yake zuƙa ya cusa cikin ruwa. Feshin maganin sauro a falon da tanki yake guba ne ga kifi da jatan lande, hayaƙin janareta da turaren wuta ma ba su da kyau. Wannan bayanin uwargida muke yi wa kai tsaye, don ita ke da ɗakin.

Sauran aikin na ziyarar mako-mako ne: canjin kashi 10 cikin 100 na ruwa, goge gilashi, wanke kofin injin kumfa, da gwaji. Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, magnesiyam wajen 1,300. Kaya daga ƙasashe irin su Indonesiya da Kenya suke fitowa ta jirgi, su bi ta Legas ko Kano, mu tare su da kula da ƙanƙara, kuma murjani mai ƙashi sai da takardar CITES, izinin yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ake karewa. Ga sabon shiga murjani mai laushi muke sa wa da kifin kilawun guda biyu. Wani daga cikin masu laushin yana da dafi, da safar hannu ake taɓa shi. Akurofora, murjani mai ƙashi da rassa, wanda kowa ke nunawa a hoto, ba ma kawo wa gidan da bai shekara da tankinsa ya ƙetare bazara ɗaya ba.