Ronronner

Laraba. Darasin Faransanci na yau a kan dabbobin gida ne, na ji daɗinsa. Malama ta rubuta le chat a allo, ta ce ba a furta t ɗin ƙarshe, "sha" kawai, kamar shan ruwa. Ta mace la chatte, ɗan ƙaramin le chaton. Su Faransawa namijin suke kira in suna nufin jinsin duka, mu kuwa kyanwa ko mage ce a bakinmu, sai ta kama ake cewa muzuru.

Sauran a cikin adaidaita na haddace. Les puces ƙuma, les griffes farata, la gamelle kwanon abincinta, le vétérinaire likitan dabbobi. Miauler ko ba fassara an gane.

Wadda ta tsaya mini ita ce ronronner. Wannan ƙarar da kyanwata Ƴar Fara take yi a maƙogwaro in ta kwanta a cinyata ta lumshe ido. Malama ta ce mu kawo Hausarsa, wani ya ce gurnani, wata ta ce minshari. Ban yarda da ko ɗaya ba. Gurnani na faɗa ne, minshari kuma na mai barci, ita kuwa idonta biyu take yi.

Da na dawo na tarar da Inna tana tsintar shinkafa, na tambaye ta. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Zikiri take yi." Na ce Inna kalma nake nema ta rubutawa. Ta ce, "To rubuta hakan mana. Haka na ji a bakin uwata." Sai ta ƙara da cewa, "Ke da za ki tafi ki bar ta, me ya dame ki da sunan kukanta?"

Daga nan raina ya jagule. Ban taɓa cewa zan bar ta ba, su suka yanke. Yaya ma ya ce wa zai ɗauki mage daga Kano har Damagaram, can babu ne? Akwai. Amma ba su ne na shayar da madara a murfin kwalba ba.

La rage, ciwon haukan kare, yana kama kyanwa ma. Ba a taɓa yi wa Ƴar Fara le vaccin, allurar rigakafi, ba. Asabar zan kai ta asibitin dabbobi, in karɓo katin in ajiye tare da takarduna.

Wuta ta ɗauke tun magariba. Tana kan ƙafata yanzu, tana yi. A littafin na rubuta zikiri da fensir.