Tukunya Cikin Tukunya: Yadda Ajina Ya Koyi Kimiyya da Hannu

A zangon bazara na jefa wa ɗalibaina na kimiyya, a wata sakandare a nan Sakkwato, tambaya guda: ta yaya mai tumatir zai adana kayansa ba wutar lantarki, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu? Muka ɗauko dabarar da wani malami, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a Jigawa, wadda ta ciyo masa lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan na tsattsafowa ta jikin yumɓu, yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki.

Na raba su rukuni-rukuni, su da kansu suka je ciniki wurin mai ginin tukwane. "Inna, mai zufa muke so," in ji wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ita ta riƙe littafin awo, tana rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna da safe da azahar.

Wani rukuni ya ajiye tasu a ɗaki rufe, wani a ƙarƙashin dalbejiya inda iska ke kaɗawa. Ta wajen ta fi sanyi. Musu ya kaure, har suka gano busasshiyar iska ce ke aikin, kuma da damina tukunyar ba za ta yi aiki sosai ba. Wannan musun ya fi mini tumatirin daraja.

Koyarwa ta hanyar aiki daɗaɗɗiya ce. Tun 1918 masanin ilimi William Kilpatrick ya yi rubutu a kanta a Amurka. A 2006 masanan ilimi Kirschner da Sweller da Clark suka yi gargaɗin cewa sakar wa sabon ɗalibi ragama ba jagora ba ya haifar da ɗa mai ido. Na yarda da su. Da ban fara koya musu yadda ruwa ke zama tururi ba, wasan laka kawai za su yi.

Lokaci ne matsalar, ga manhaja, ga jarrabawar WAEC da NECO na tafe. Duk da haka zango mai zuwa suna son gina akwatin busar da tattasai da hasken rana, kuma ina neman izinin kai su Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.