Yadda na ɓata bangon jan bulo da hannuna

Ƙannena masu koyon gini, dan Allah ku ji wannan kafin wani ya kira ku gyaran tsohon bango. Ni a Zariya abin ya same ni, lokacin ban daɗe da barin hannun maigidana ba, wata Hajiya ta kira ni gidan da mahaifinta ya bari, ginin jan bulo ne irin ƙonannen nan na da, daga ƙasa kuma dutse ne har kusan gwiwa. Kwaɓin da ke tsakanin bulon duk ya zaizaye, in ka sa yatsa sai ya riƙa zubowa kamar gari. Tace ɗana so nake ka yi min aikin da ba zan sake kiran kowa ba, nace Hajiya an gama.

A raina riƙon amana shi ne in zuba siminti sosai, tunda kullum abin da ake zagin magina a kai kenan, rage siminti. Sai na yi kwaɓi kwanon sarki 1 na siminti da 3 na yashi, na cusa na shafe sumul har ya ɗan hau kan bulon. Ranar kam aikin ya yi kyau wallahi.

Bayan damina biyu ta aiko in zo in gani. Layin simintina na nan ƙyam kamar raga ko tsagewa bai yi ba, amma bulon da ke tsakani fuskarsa duk ta ɓare ta loma ciki, ga jan gari tsibi a gindin bango, ga wani fari-fari kamar kanwa ya fito. Hajiya bata min faɗa ba, hannu kawai ta ɗora a bangon tana shafawa, wannan ya fi min zagi ciwo.

Maigidana ne ya zaunar da ni ya min bayani. Ba bangon da ruwa baya shiga, na sama ya buga shi na ƙasa ya hau shi, abin dubawa shi ne ta ina zai fita. Mutanen da suka yi ginin nan da farar ƙasa ƙonanna suka kwaɓa yashinsu, wadda ake ce wa laim, ita tana barin danshi ya fita ta tsakanin bulo, kuma in rana ta buga bango ya motsa tana da sassauci. Ni kuma na zo na toshe hanyar, sai ruwan ya koma bi ta jikin bulon yana barin gishiri a ƙarƙashin fuskarsa har ya ture ta. Kun dai san yadda shafen siminti ke faɗowa falle-falle daga gidan ƙasa, alhali makuba da laso na iyayenmu suna zama lafiya da shi, to abu ɗaya ne. Dole kwaɓi ya fi bulo laushi, don in za a yi asara shi ya lalace a sake cusawa, tsohon bulo kuwa ina zaka samo irinsa?

Yanzu kafin in taɓa bango sai na ɓanto tsohon kwaɓin na murza a hannu, na ɗiga masa lemon tsami, in ya yi kumfa sosai ga shi fari da laushi to laim ne. Irin wannan laim 1 yashi 3 nake yi. In bulon na da ɗan ƙarfi siminti 1, laim 2, yashi 9. Bulon zamani mai tauri ko dutse irin na Jos zai ɗauki siminti 1, laim 1, yashi 6. Kuma ku lura ba allin nan na shafa ɗaki nake nufi ba, shi baya kama komai. Yashi ma a tankaɗe, mai tsabta ba laka.

Kar ku sa giranda, tana cin gefen bulo. Da hannu ake ƙwaƙule tsohon, zurfin ya kai kamar biyun faɗin layin, a share ƙura a jiƙa wurin, sannan a cusa kaɗan-kaɗan ana dannawa da ɗan siririn ƙarfe, kar ya hau fuskar bulo. In hunturu ne ku rufe da jiƙaƙƙen buhu kuna yayyafa ruwa na ƴan kwanaki, in ba haka ba iska zata busar da shi kafin ya kama ya koma gari. Ku sa safar hannu da tabarau, laim yana ƙona fata, ido kuwa ba a magana.

Bangon Hajiya ni na koma na cire simintin da kurfi da ƙaramar guduma ban karɓi ko sisi ba, wani wurin yana fitowa da guntun bulo manne a jiki. Waɗanda suka lalace gaba ɗaya na canza su da sababbi, har yau in na bi ta layin ina hango su, jansu bai zo ɗaya da na mahaifinta ba.