Yatsu biyu da jita

Talata, da dare.

Da safen nan ƙofar mota ta datse min yatsan zobe na hannun hagu. Bai karye ba, amma ya kumbura, farcen ya yi baƙi ƙirin. Wata huɗu ke nan ina koyon jita kullum ba fashi, sai ga ni zaune ina kallonta a jingine da bango, raina a ɓace.

Ƙanena ya leƙo, ya dubi bandejin, ya ce, "Yaya, ka san makaɗin jitar nan Django Reinhardt da yatsu biyu ya yi suna?" Ban yarda ba sai da na bincika da kaina, kuma a kan haka na wuni.

A 1928, yana ɗan shekara 18, gobara ta tashi a keken doki mai ɗaki da yake kwana ciki da matarsa a gefen birnin Paris. Kyandir ne ya faɗa kan furannin roba da matar ke haɗawa ta sayar. Wutar ta shanye masa ƙaramin yatsa da na zobe a hannun hagu, wato hannun da ke danne tsirkiya. Likitoci sun so yanke masa ƙafa ma, ya ce atafau. Da manuniya da na tsakiya ya sake koyon kiɗa tun daga tushe. Na kalli wani tsohon bidiyonsa har sau biyar, idona a kan hannun nan: yatsu biyu na zarya sama da ƙasa a wuyan jita, sauran biyun a lanƙwashe.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda labarin ya dosa daga baya. Tony Iommi, makaɗin jita na ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath, yana ɗan shekara 17 injin ya guntule masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe a Birmingham ta Ingila, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aikin. Ya fid da rai da kiɗa. Shugabansa na aiki ne ya kunna masa faifan Django, sannan ya faɗa masa halin da hannun mai kiɗan yake ciki. Iommi ya narka robar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya manna musu fata. Ya koma amfani da siraran tsirkiya, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sautin ya ƙara kauri da nauyi. Mutumin nan da ya kawo faifan, a wurina ya cancanci a riƙa tunawa da shi.

Sai Ɗan Maraya Jos ya faɗo min a rai, wanda duniya ta san shi da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal.

Da yamma liƙis na ɗauko jitar. Na ɗage yatsan mai ciwo, na danne da biyun farko. Amon bai fita tas ba, tsirkiya ta uku sai zuza take yi, amma na yi minti ashirin kafin zugi ya tsayar da ni. Gobe zan gwada sassauta ɗaurin in ji yadda za ta kaya.