Farfaɗiyar Baba da rigimar makullin mashin

Jama'a ba ƙaramin abu bane ace kai ne ɗan fari, ko karatu baka gama ba, sai gashi kai ke tambayar mahaifinka ko ya sha magani. Baba ya fara faɗuwa ne bayan wani hatsarin mashin da ya bugu a kai, likita tace mana rauni a ƙwaƙwalwa yana iya jawo farfaɗiya ko da ciwon ya daɗe da warkewa, ba iska bane ba jifa bane, duk da har yau Goggo bata yarda ba, kullum tazo da gorar rubutunta a hannu. Ni dai ban hana ba, ai ba'a ƙin addu'a, sharaɗina ɗaya kar wani yace ya ajiye ƙwayar asibiti.

Carbamazepine yake sha safe da dare, alam biyu na saka a waya saboda shi, don in ya tsallake ko ya kwana bai samu bacci ba toh ranar hankalina baya kwanciya. Da azumi ma sai da muka koma wajen likita ta daidaita mana lokacin da sahur da buɗa baki.

Ranar da abun ya tashi mishi a ƙofar masallaci kowa ja da baya yayi wai kar yawun ya taɓa shi, wani kuma ya ruga neman cokali. Wallahi ba'a ɗauka ta yawu, kuma cokalin nan haƙori kawai zai karya. Ni abun da nake yi, na janye duk abin da zai ji mishi ciwo, na naɗe riga na sa ƙarƙashin kansa, na juya shi ta gefe, ba dannewa ba ɗura ruwa, idona na kan agogo, in ya wuce minti 5 sai asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mutum miliyan 50 ke da ciwon nan, kuma har kashi 70 cikin 100 zasu iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai, amma je ka faɗa wa ƴan unguwarmu.

Duk wannan mai sauƙi ne akan maganar mashin. Likita ta hana shi tuƙi, ni kuma da wane baki zan karɓi makulli a hannun mutumin da ya koya min hawa? Da na gwada cewa yayi, "Abin da na saya da gumina zaka hana ni?" Nace, "A'a Baba, ni wane ni, kuɗin adaidaita ne suka min yawa, ka ara min nake zuwa makaranta sai nake sauke ka a kasuwa." Ya daɗe yana kallona, ya gane sarai, ya miƙo makullin yace na dinga duba mai. Har yau cewa abokansa yake yaron ne ya ƙwace mishi mashin, ni kuma bana musawa.

Yanzu damuwata bautar ƙasa, ban san jihar da za'a jefa ni ba, shi yasa na fara koya wa ƙanwata komai, har da ɗaukar bidiyo in abun ya tashi don likita tace yana taimaka mata. Mashin ɗin ne dai bata iya ba, ƙaninmu kuma ƙafarsa bata kai ƙasa tukuna.